Sallamar da Ke Kawo Husufi

A gidansu Anjima ake kiranta, don amsarta ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba. Tun tana ƙarama, in an tambaye ta ko ta ƙoshi, sai an kwashe kwanuka an wanke hannu sannan za a ji ƙaramar murya daga bayan ƙofa tana cewa, "E, na ƙoshi." Ba rashin wayo ba ne. Amsar tana nan a cikin kanta tsaf, har da waƙafi da aya, hanyar fitowa ce kawai take da nisa. Gwaggonta da ta raine ta ita ta laƙaba mata sunan, ya bi ta har jami'a, ya kuma biyo ta wurin aiki.

Wurin aikin shi ne Zauren Duniyoyi, wani ɗaki mai faɗi a bayan ɗakin karatu na gari, inda a da ake jibge karyayyun kujeru. Yanzu an shafe rufinsa da baƙin fenti, an rataye ƙwallaye manya da ƙanana da zaren kamun kifi, an zuba jan yashi da duwatsu a cikin wani makeken akwatin katako a tsakiyar ɗakin. Hukuma ta sayo mutum-mutumi biyu su riƙa koya wa jama'a yadda ake binciken sauran duniyoyi. Na farko shi ne Dogo, mai tsayin firji, da allo a ƙirji da taya a ƙafa, aikinsa surutu. Na biyu Kunkuru, gajere mai taya shida da hannu ɗaya da ɗan akwati a gadon baya, yana kwaikwayon motocin da ake aikawa Jar Duniya, maƙwabciyar duniyarmu a sararin sama, su tsinto duwatsu. Da gangan aka saita Kunkuru yadda duk umarnin da aka ba shi sai bayan minti huɗu yake aikatawa, don mutane su gane cewa saƙo daga nan zuwa can ba ya isa nan take.

Anjima tana son Kunkuru. A duk faɗin duniya shi kaɗai ne bai taɓa ce mata "ke muke jira" ba.

An ɗauke ta aiki ne a kan gwaji na wata uku, kuma ranar buɗe zauren ita ce ranar ƙarshe. Takardar tabbatar da ita tana cikin fayil ɗin Shugaban zauren, ba a sa hannu ba. Mai Dubawa daga hukuma zai zo, shi zai sa hannu ko ya ƙi. Ana gobe buɗewa Shugaba ya kira ta ofis, ya daɗe yana gyara biro a aljihu kafin ya yi magana.

"'Yar nan, ni ba ƙin ki nake yi ba. Amma hukuma ta sayo mai magana, ta sayo mai tsintar dutse. To ke a cikin biyun nan wanne kike yi?"

Amsar ta zo mata a cikin motar haya, an kusa kaiwa gida.

Ga abin da ta so ta gaya masa. Dogo ya zo ba ya jin ko "sannu". Injiniyan da ya haɗa shi ya ce a rubuta masa jerin kalmomi, kowace da darasinta, sannan ya tattara kayansa ya tafi, wayarsa kuma tun lokacin a kashe. Anjima ce ta zauna ta rubuta jerin duka. In Dogo ya ji "Rana", ya yi darasin Rana. In ya ji "Wata", ya yi na Wata. In kuwa ya ji su biyu a jere, to an nemi babban darasi ke nan, na husufi: labulen ƙarfe ya sauko a tagogi, fitilu su mutu, ƙofa ta kulle kanta don kada wani ya shigo da haske, har minti goma sha biyu. Ta gwada kowace kalma ita kaɗai a ɗakin, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, komai ya tafi daidai. A wata ukun nan ba wanda ya taɓa yin hira a gaban Dogo. Ita ba ta magana, Shugaba kuma da kai yake gaishe ta.

Ranar buɗewa, kafin azahar, mutum kusan ashirin suka hallara. Akwai telan da ke bakin titi, da tef ɗin awo a wuyansa, ya rufe shago ya zo kallo. Akwai Gwaggo, wadda ta iso tun kafin a share ƙofa, ta zauna a kujerar gaba da jaka a cinya tana sanar da duk wanda ya shigo cewa 'yar ɗan'uwanta ce mai wurin. Tela yana ta zagaya Dogo yana ƙiyasta yadi nawa zai ci in za a yi masa riga.

Mai Dubawa ya shigo a makare, mutum gajere mai ƙaton agogo da hular da ya danna har kusa da gira. Shugaba ya tare shi da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa, barka da rana."

Idanun Dogo suka yi kore. Ya garzayo a kan tayoyinsa ya tsaya tsakaninsu.

"Ka ce Rana! Madalla da wannan tambaya. Rana tauraro ce, ita ce mafi kusa da mu. Haskenta yana yin kusan minti takwas a hanya kafin ya iso gare ka."

Hannun Shugaba yana miƙe a iska, na Mai Dubawa ma haka, Dogo a tsakiya yana nuna hotuna a ƙirjinsa. Minti biyu cur. Da ya gama Shugaba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haka muka tsara, ranka ya daɗe. Tarba ce ta zamani."

Mai Dubawa ya ce "Uhm," ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa.

Anjima tana tsaye jikin bango kusa da ƙwallon da ke da zobe. Wani abu ya fara yi mata ƙaiƙayi a can bayan kai, amma bai riga ya zama magana ba.

Gwaggo ta miƙe ta tari babban baƙon da kanta, ba wanda ya gabatar da ita.

"Yallaɓai, ni ce Gwaggon yarinyar can da ke ɓuya a bayan ƙwallo. Kada ka ga ta yi shiru, kanta cike yake. Jiya ma a asibiti wata mata take ce mini..."

"Kin ce Wata!" Dogo ya juyo da sauri har ya ture jakarta. "Madalla da wannan tambaya. A duniyar Wata babu iska. In kika taka ƙasa a can, sawunki zai daɗe ƙwarai bai goge ba."

"Ikon Allah. Ni da kai nake? Matsa can, dogon banza. Matar nan ma'aikaciyar jinya ce, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba."

Dogo bai matsa ba sai da ya gama. Tela ya ce wataƙila yunwa yake ji. Dogo ya ji farkon kalmar, ya koma kansa ya maimaita masa darasin tun daga babu iska.

Mai Dubawa ya dubi ƙaton agogonsa, ya rufe littafi.

"To, Shugaba, na ga abin da na gani. Ina da wani wurin. Za ku ji daga gare mu. Sai wata rana."

Idanun Dogo suka tashi daga kore suka koma ja.

"Ka ce Wata. Ka ce Rana. Baƙi masu daraja, ku zauna a inda kuke. Husufi ya zo!"

Labulen ƙarfe ya sauko ƙararrr. Ƙofa ta ce ƙyat. Ɗakin ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan faifan haske a rufi da inuwa ke cinyewa a hankali. Gwaggo ta saki salati da ƙarfi. Wani ya taka ƙafar tela, tela ya taka ta wani. Shugaba ya lalubi ƙofa yana jijjiga ta yana cewa, "Haka muka tsara, haka muka tsara."

A minti na huɗu na duhun nan abin ya faɗo wa Anjima gaba ɗaya. Wata na sama da wata ta "wata mata", a baki ba ɗaya suke ba, kowane yaro ya san haka. Amma ita a rubuce ta ba Dogo, kuma a rubuce harafi huɗu ne iri ɗaya. Ta gina na'urar da ke kulle ƙofa duk lokacin da mutum ya yi sallama. Ta fara shirya yadda za ta faɗa: za ta fara da neman afuwa, sannan bayani, sannan gargaɗi. Tana cikin gyara jimla ta biyu fitilu suka dawo.

Mutane suka yi ta ƙifta ido. Mai Dubawa ya nufi ƙofa kai tsaye, Shugaba ya sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, ba ka ga ƙaramin ba. Shi ba ya surutu ko kaɗan. Ka ba shi umarni da bakinka ka gani."

Mai Dubawa ya ja numfashi, ya matsa bakin akwatin yashi, ya nuna wani dutse mai faɗin kai da ke gefe.

"Kai, ɗauko abin da ke can."

Kunkuru bai motsa ba.

"Na ce ɗauko. Kurma ne?"

Shugaba ya waiwayo yana neman Anjima da ido. Ta buɗe baki. Amsoshi biyu ne yanzu suka yi cunkoso a maƙogwaronta, ta minti huɗu da ta sallama, kowace tana cewa ɗayar ta fara wucewa.

"Ɗaya ba ya yin shiru, ɗaya ba ya ji, ta ukun kuma ban ma san aikinta ba," in ji Mai Dubawa. "Ni na tafi. Sai wata rana."

"Kada ka..." in ji Anjima. Amma labule ya riga ya fara saukowa.

Wannan karon ba wanda ya yi salati. Tela ya zauna a ƙasa ya ce a tashe shi in an gama. Ɗakin ya ɗau zafi, fanka ma ta mutu tare da fitilu. Mai Dubawa ya lalubi bakin akwatin yashi ya zauna. Yana da wani sirri da ko a ofis ba a sani ba: sanƙo ne da shi tun daga goshi har ƙeya, sai 'yan gashi tsilli-tsilli a gefe. Ba ya cire hula a gaban mutane. Amma da yake duhu ne, gumi kuma ya ishe shi, ya zare ta a hankali ya ɗora a kan wani dutse mai faɗi da hannunsa ya taɓo.

Minti huɗu suka cika. Aka ji wani ɗan kuka, zzzz, na tayoyi a kan yashi, sai ƙaramar murya mai ladabi: "An karɓi umarni. An ɗauki samfuri. An rufe akwati."

"Hulata! Wa ya ɗauki hulata?"

"Ɓarawo a cikin husufi?" in ji Gwaggo. "Kowa ya riƙe jakarsa!"

Dogo kuwa yana ta bayani a kan inuwa, ba ruwansa. Shugaba ya gwada toshe masa baki da fayil, bai san inda bakin yake ba, ya toshe masa ciki.

A nan ne Anjima ta tuna cewa akwai kalma ɗaya a ƙarshen jerin da ba ta nuna wa kowa ba. Ta sa ta ne don wasa, ranar da kaɗaici ya dame ta. Ta kuma lura da wani abu: a duhu ba wanda ke kallonta. Hanyar nan mai nisa daga kai zuwa baki, ashe idanun mutane ne suke tsawaita ta.

"Dogo," ta ce, da ƙarfin da ita ma ya ba ta tsoro. "Sai an jima."

"Mu jima da yawa," in ji Dogo. Idanunsa suka mutu, faifan rufi ma ya mutu. Shiru.

"Wace ce wannan?" in ji Shugaba.

"Muryar 'yata ce," in ji Gwaggo. "Ashe haka take in an ƙara mata sauti."

"Ƙofar ba za ta buɗe ba sai lokacinta ya cika," in ji Anjima. "Saura minti bakwai. Yallaɓai, hularka tana akwatin Kunkuru, ba abin da zai same ta. Kai ka ce ya ɗauko abin da ke kan wurin, saƙon ne bai isa ba sai yanzu. Haka ake fama da na gaske a Jar Duniya, wani lokacin ma jiran ya fi minti ashirin. Kunkuru, buɗe akwati." Ta juyo wajen mutane. "Sai mu jira."

"To, ai kin kashe mana mai labarin a tsakiya," in ji tela daga ƙasa. "Ɗazu hayaniya ta hana ni ji. Wai me ke cinye ranar ne? Kuma ya ake yi ta dawo?"

"Gaya masa mana," in ji Gwaggo. "Ni ma tun ina yarinya ake faɗa mini abubuwa iri-iri."

Anjima ta ciro wayarta ta kunna tocila, ta ɗaga sama yadda hasken ba zai taɓa fuskarta ba.

"Wannan ita ce Rana. Gwaggo, ki zauna yadda kike, ke ce duniyarmu."

"Na karɓa. Dama ni ke ɗauke da kowa."

"Saura Wata. Ina son abu mai zagaye, mai santsi, wanda ba shi da hasken kansa sai wanda aka haska masa."

Ta juya tocilar tana neman ƙwallo, hasken ya sauka a kan Mai Dubawa. Kan nan ya amsa da wani irin ƙyalli har sai da aka ga bangon ɗaki. Mai Dubawa ya kai hannu zai rufe, ya ga hannu ɗaya ba zai isa ba, ya sauke.

"To," ya ce a hankali, "tunda an riga an gani. Ina zan tsaya?"

Ta tsayar da shi tsakanin tocila da Gwaggo, ta ce ya riƙa matsawa gefe kaɗan-kaɗan. Inuwar kansa ta hau kafaɗar Gwaggo, ta hau kunnenta, ta rufe fuskarta ruf.

"Gwaggo, me kike gani?"

"Ba na ganin fitilar. Sai baƙin kai." Ta ƙura ido. "Kai! Tsaya, Yallaɓai, kada ka motsa. 'Yan gashin nan na gefe sun kama haske, sun yi zobe kamar an kunna su. Wallahi da kyau."

"Haka ake gani a sama in husufin ya cika," in ji Anjima. "Ba abin da ke cinye Rana. Wata ne ke giftawa ta gabanta, sai a ga hasken gefenta kawai ya kewaye shi. Yallaɓai, ci gaba da tafiya."

Ya ci gaba, hasken ya dawo fuskar Gwaggo, mutane suka yi tafi. Tela ya ce a maimaita shi ma ya zama duniya. Aka maimaita. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ita ma. Mai Dubawa ya gifta sau biyar, a na ƙarshe har yana rage sauri a tsakiya don a more zoben. A cikin haka akwatin Kunkuru ya buɗe, ba wanda ya kula.

"Saura minti ɗaya," in ji Anjima. "In fitila ta dawo Dogo zai farka, don haka ku ji da kyau. Wata na sama, murya tana faɗuwa a ƙarshe. Wata ta 'wata mata', murya a miƙe take. Ku kunnenku ya san wannan tun kuna goye. Shi a rubuce na ba shi, a rubuce kuma duk ɗaya ne. Duk wanda ya yi irin sallamar da Yallaɓai ya yi, husufi ya nema. Ni na rubuta jerin. Laifina ne."

Fitilu suka dawo. Idanun mutum ashirin suka juyo kanta, nan take ta koma jikin bango kusa da ƙwallo mai zobe. Idanun Dogo suka yi kore, yana jira.

Mai Dubawa ya ciro hularsa daga akwatin. Ta yi ja da ƙura, an manna mata 'yar takarda mai lamba ɗaya. Ya kaɗe ta, ya dube ta, ya riƙe a hannu bai sa ba.

"Shugaba, ina takardar yarinyar nan? Gwajin nata na..." Ya saci kallon Dogo. "Na kwana casa'in ne ko?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma ka ji da bakinta, ita ta jawo mana..."

"Na ji. Wanda ya ƙulla shi ya san inda bakin zaren yake. Ka san yadda ake sa dogon nan barci?"

"A'a."

"Ka san abin da ke cinye... abar nan da ke fitowa da safe?"

"Ban... an yi bayanin ina wajen ƙofa."

"Kawo takardar."

Ya ɗora ta a bayan Kunkuru ya sa hannu. Ya zo wurin kwanan wata, biro ya tsaya.

"Yau nawa ga..." Ya cije leɓe, ya nuna farin ƙwallon da ke rataye a rufi. Tela ya ɗaga yatsu goma, ya sake ɗaga huɗu. Mai Dubawa ya rubuta.

"Sharaɗi biyu," ya ce wa Anjima. "Ki koya masa jin murya kamar mutane. Kafin nan, darasin nan ke za ki riƙa yi. A kashe miki fitila in haka ya fi miki. Amma ki nemo ƙwallo, ni ina da wasu ayyukan."

Gwaggo ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ki ce kin gode, kafin ya kai mota."

Mai Dubawa ya danna hula a kai, da takardar lambar da komai, ya taka zuwa ƙofa. Ya juyo ya ɗaga hannu, bakinsa ya kama hanyar da ya saba shekara da shekaru.

"To jama'a, sai wa..."

"An jima!" ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka da ihu, har Shugaba.

"Na'am!" in ji Anjima, nan take, kafin ihun ya gama sauka.

Gwaggo ta dafe ƙirji ta koma kan kujera.

"Shekara ashirin da huɗu," ta ce wa tela. "Yau ce rana ta farko da yarinyar nan ta amsa kira a kan lokaci."

"Kin ce Rana!" in ji Dogo, ya nufo ta a guje.